Ƙofar Mai Agogo

A gidan da nake haya, idan kana so mai gida ya san kana duniya, to kada ka biya shi. Ni na daɗe ban gane haka ba. Tun ranar da na shigo da keken ɗinkina da yarana biyu, wata bai taɓa mutuwa da bashin haya a wuyana ba. Kafin a tambaya na riga na tura. Ladan da na samu shi ne rufin ɗakina yana yoyo daidai saitin teburin da nake yanka yadi, kuma duk sanda na kai kuka sai a ce mini ana nan ana dubawa. Har roba na ware ta tarar ruwa, yara suka sa mata suna robar mai gida.

Shi kuwa Mai Agogo, mai ɗakin farko idan ka shigo, rabonsa da biyan haya har an manta. Siririn dattijo ne marar hayaniya, kullum da ɗan gilashin nan na ido ɗaya maƙale a fuskarsa, yana tsintar ƙananan sukurori da hantsaki. Ɗakin nan shi ne shagonsa, shi ne makwancinsa: gado a lungu, teburin aiki a bakin tagar da ke kallon titi, bango kuwa agogo ne daga sama har ƙasa, kowanne yana faɗin lokacin da ya ga dama. Ba shi da mata, ba shi da ɗa a kusa, ba shi da wani wurin zuwa. In aka taɓo zancen haya sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce wayar hannu ta kashe sana'a, yanzu kowa a aljihu yake duba lokaci. Mu dai muna ganin mutane a tsaye a tagarsa ana canza musu batir, amma wa ya tambaye mu.

Mai gidan, wanda dukanmu muke kira Baba, tsoho ne mai murya kamar ta mutum uku. Da can shi yake zagayowa da kansa, ya leƙa famfo, ya yi faɗa a kan shara, ya tafi. To bayan rasuwar matarsa sai ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata. Ta kwashe shi ta kai gidanta, can saman bene a ɗaya ƙarshen gari. Ta karɓe makullin motarsa, ta karɓe gishiri, ta karɓe sukari, ta ce ko matakala ba zai sauka ba sai da izininta. Kuɗin haya kuma a riƙa tura mata ta waya. Kafa ɗaya ce Baba ya samu: ya nace mata cewa ɗan haya mai taurin kai ba ya jin zancen waya, sai ya ga fuskar mai gida. Ta yarda a kan duk sanda wani ya ƙi biya, wani mai tasi da ta amince da shi ya kawo Baba ya yi magana, ya mayar da shi kafin ta taso daga aiki.

Mai taurin kai kuwa ɗaya ne tal a gidan.

Haka Baba ya shiga korar Mai Agogo, korar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Da hantsi za ka ji tasi ta tsaya, tun daga bakin titi Baba yake fara buga sandarsa a ƙasa yana cewa yau ba gobe ba, yau ɗin nan za a bar masa ɗakinsa. Ya ambaci kotu, ya ambaci 'yan sanda, ya ambaci mutanen da suke roƙonsa ɗakin har da kuka. Mai Agogo ya fito yana sunkuyar da kai yana ba da haƙuri, su shige ciki. Faɗan ya yi ta raguwa kamar ana rage muryar rediyo. Can sai ka ji butar lantarki tana tafasa, can ka ji ana buga karta a kan katifa, can ka ji tsoho yana dariya har da tari. Da mai tasi ya danna hon sai faɗa ya tashi sabo fil daga inda aka ajiye shi, Baba ya fito yana nuna ɗakin da sanda yana cewa wannan ne gargaɗi na ƙarshe. In mai tasin ya ce an makara, sai Mai Agogo ya nuna masa wani agogon bango ya ce ai da sauran lokaci. Cikin agogunan nan ba a rasa wanda zai ba da shaidar ƙarya.

Da farko ƙarshen wata kawai Baba yake zuwa. Daga baya Baba ya ce lamarin ya yi tsanani, zuwan ya yi ta ƙaruwa, har ya zama ranar da ba mu ji tasi ba mukan tambayi juna ko lafiya. Mijina direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya. Ran nan a waya na ce masa ai mai gida ya kusa tarewa a nan gaba ɗaya. Sai ya tambaye ni wane maigida kuma bayan shi. Sai da na yi masa bayani dalla-dalla, kuma bai gamsu ba sai da ya ji shekarun tsohon.

Nas ba sakarya ba ce. Ta fara tambayar ubanta wane mataki ya ɗauka, tunda baki ya ƙi aiki. Baba ya ce za ta gani. Matakin farko, ya sa aka yanke wa ɗakin wuta, ya tsaya da kansa a kan mai yankewar, ya sa mai tasi ya ɗauki hoto a tura mata. Aka shiga ciki, aka jona buta, buta ta ƙi tafasa. Ban ankara ba sai ga Baba a bakin ƙofata da doguwar wayar wuta a hannu, yana wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba, wai tunda ni kaɗai ke wuni a gida, ko zan taimaka a ja daga ɗakina, na ɗan lokaci ne. Ni da nake biya, ni aka mayar mai tafasa wa wanda ba ya biya shayi. Na nuna masa robar da ke cike da ruwan rufinsa. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce lallai ana nan ana dubawa.

Mataki na biyu, ya ƙwace kujerar Mai Agogo mai hannu, wai jingina ce har sai an biya. Aka fito da ita tsakar gida, aka ajiye a inuwar bango kusa da famfo. Tunda kuwa kayan jingina ba a barin su ba mai tsaro, shi ya riƙa zama a kai.

Na uku shi ne ƙofa. Wani ya faɗa wa Baba cewa masu gidajen da suka san abin da suke yi cire ƙofa suke yi, ɗan haya ya ji kunya ya kwashe kayansa. Ya zo da kafinta aka shiga kwance ta, kuma Mai Agogo da kansa ya miƙo sukundireba da ta kafintan ta ƙi kamawa. Aka ɗauki hoton ɗaki baki buɗe aka tura wa Nas. Sannan aka tsaya shawarar inda za a ajiye ƙofar: a jingine za ta faɗo wa yara, a ƙasa ruwan famfo zai ci ta. Ƙarshe aka kife bokiti biyu a gaban kujerar jingina, aka ɗora ta a kai. Baba ya shafa ta da tafin hannu, ya ce ashe katakon nan sumul yake. Kafin kafinta ya gama tattara kayansa an raba karta a kanta, ramin makulli kuma ya zama wurin soke cokalin shayi. Da yamma Mai Agogo ya kawo mini tsohon zanin gado, wai in kalmashe masa baki ya yi labule. Na tambayi kuɗin ɗinki, ya ce in haɗa da na mai gida.

Abin haushi, korar nan ta amfani gidan, amma iya inda kujerar take hangowa. Famfo yana ɗiga yana rikita wa Baba lissafin karta, aka gyara. Wani rami a bakin ƙofar gida ya kusa kayar da shi, aka cike da siminti. Sauran 'yan haya su fita aiki tun safe, su dawo su tarar da gyara, suna sa wa Mai Agogo albarka. Ɗakina kuwa yana bayan igiyar shanya, inda idon mai gida ba ya kaiwa sai in buta ta ƙi tafasa. Ina taka keke ina ƙunƙuni, ina jin su suna musun wa ya ci wa. Na cika na batse.

Abin da Baba bai sa a lissafi ba shi ne labule ba ya tare magana. Wata rana ana yayyafi suka bar tsakar gida suka koma ciki, ni kuma ruwa ya ɗiga a kan wani yadi mai tsada da wata mata ta kawo. Na ajiye almakashi, na fizge wayar wutarsu daga soket, na naɗe bakinta a hannu, na nufi ɗakin da niyyar in wanke su tas su biyun. Ina isa bakin labule na ji Mai Agogo yana magana ƙasa-ƙasa. Cewa yake abin ya fara damunsa, yaran titi sun sa masa suna Ba-ƙofa, kuma kuɗin nan suna nan a ajiye ba abin da ya taɓa su, ko da rabi ne a karɓa a kai wa yarinyar nan hankalinta ya kwanta.

"Mayar da abinka," in ji Baba. Ban taɓa jin muryarsa ƙarama haka ba. "So kake a kulle ni?"

Mai Agogo ya ce ba kullewa ba ce, kulawa ce, Allah ya ba shi 'ya mai tausayi.

"Na sani. Ai tausayin ne zai kashe ni. Ka san abin da nake yi a can? Taga nake kallo. Na san motar kowa a layin, ban san sunan kowa ba. Da uwarta tana nan ko faɗa ma yi. Yanzu in na ɗaga murya sai a kawo abin awon jini." Na ji ya kurɓi shayi. "Kai dai ka ci gaba da taurin kai. Raba."

Na tsaya da wayar wuta a hannu kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Haushin bai tafi duka ba, don yadin matar nan ya riga ya jiƙe, amma tausayin tsohon ya kama ni. Na koma ɗakina a hankali na mayar da wayar cikin soket. Daga can na ji Mai Agogo yana cewa ai wuta ta dawo.

Ban faɗa wa kowa ba, ko mijina. Jinin Baba ne ya tona asirin.

Wata safiya tasi ta sauke shi kamar kullum, ya yi faɗansa na shigowa, aka zauna a gaban ƙofar da ke kan bokitai. An raba karta, Mai Agogo ya zuba masa sukari cokali a cike, sai ga Nas ta shigo da fararen kayan aikinta, 'yan dako biyu a bayanta, sabon kwaɗo a hannunta. Doguwa ce marar yawan magana, irin matan da in suka kalle ka sai ka tuna maganin da ba ka sha ba. Baba ya yi wuf ya tura kofinsa bayan bokiti, amma ya manta kartar tana hannunsa.

Ta gaishe da kowa da ladabi, har ni da ke leƙe ta bayan shanya. Sannan ta faɗa wa ubanta a gabanmu cewa ta daɗe tana mamaki: duk ranar da ya je korar ɗan haya sai sukarin jininsa ya hau, ya dawo yana waƙa a matakala. Jiya kuma da aka zo wanke rigarsa sai ga katin karta a naɗe cikin hannun rigar. Mai Agogo ya cire gilashin idonsa ya dubi Baba, ya ce ashe can katin yake, shi ya sa kwana biyu ba ya ci.

Nas ba ta yi dariya ba. Ta ce ta gaji da ganin ana wasa da hankalin mahaifinta, mutum ya cinye masa haya, ya kuma ɗura masa abin da zai kwantar da shi. Yau ita za ta yi korar. Ta nufi ɗakin da kwaɗonta, ta ɗaga labule, ta tsaya tana neman inda za ta maƙala shi. Ta juyo ta tambayi ina ƙofar da aka ce an ƙwace. Sai duk idanu suka sauka wuri ɗaya. Ta kalli ramin makulli da cokali a tsaye a ciki. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

"Ku fito da kayan," ta ce.

Nan wasa ya ƙare. Suka fara da agogunan, suna jera su a ƙasa a gindin bango, kowanne yana ƙas-ƙas ɗinsa. Suka fito da katifa. Da suka kama teburin aiki sai gwangwanin sukurori ya kife, ƙananan abubuwan nan da ya yi shekaru yana tarawa suka watse a siminti, wasu suka gangara magudanar famfo. Mai Agogo ya durƙusa yana tsinta. Mutanen titi suka fara taruwa a ƙofar gida. Baba ya ce a dakata, shi ne mai gida, ai yana kan lamarin. Nas ta ce masa a hankali ya daɗe yana kan lamarin. Sannan ta juya wurin Mai Agogo.

"Kawu, ba na son in wulaƙanta ka. Amma yau ko kuɗi ko ɗaki."

Mai Agogo ya dubi Baba. Baba ya dubi kartar hannunsa. Magana ɗaya ce za ta ceci ɗakin ba tare da an taɓa kuɗi ba, wato Baba ya ce shi ya hana a biya, ya kuma faɗi dalili. Amma yaya uba zai dubi 'yar da take ɗaga shi, take yanke masa farce, ya ce mata a gaban 'yan dako gidanki ya ishe ni? Sai ya ci gaba da jujjuya kartarsa. Ni ma da na sani bakina ya mutu, don ba sirrina ba ne.

Mai Agogo ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya je wurin wani babban agogo mai murfin gilashi da ya daɗe da tsayawa. Ya buɗe bayansa, ya zaro ƙunshin kuɗi a leda, ya miƙa wa Nas da hannu biyu. Ta buɗe ta duba. Ta tambaye shi ko yana da su tun tuni. Ya ce yanzu da aka motsa agogon ya tuna.

A rayuwata na ga masu gida da yawa ana miƙa musu kuɗi. Ban taɓa ganin wanda aka biya ya yi irin fuskar da Baba ya yi ba.

"Haka za ka yi mini?" ya ce.

"Ba ni da wurin zuwa, mai gida."

'Yan dako suka kalli juna, sun kasa gane wa aka cuta. Nas kuwa ta daɗe tana kallon ubanta, kallon da ban iya fassara shi ba a lokacin. Sai ta sa ƙunshin a jaka, ta ce to magana ta ƙare, yanzu ba wanda ake bi a gidan nan, Baba ya huta da wahalar zirga-zirga. Ta sa aka mayar da kaya, ta ce a mayar wa ɗakin da wuta. Aka kwashe kofuna, aka ɗaga ƙofar daga kan bokitai aka mayar da ita mazauninta, da shatin gindin kofi a jikinta. Baba ya ajiye kartarsa a kan kujera, a kife, kamar wanda zai dawo ya ƙarasa. Ya bi bayan 'yarsa, ko sandar bai buga ba.

Gida ya yi tsit. Ban san hayaniyar tsohon nan ta shiga jikinmu ba sai da ta ɗauke. Mai Agogo ya dawo mini da godiya, ya naɗe wayar wutarsa, har ya biya kuɗin labule, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofarsa. Don rashin abin yi ya bi agogunan nan ɗaya bayan ɗaya ya daidaita su, suka koma faɗin lokaci ɗaya, gaskiya zalla, ba mai amfani da ita. Kujerar kuwa ya bar ta a tsakar gida, wai ba a ce masa an sake ta daga jingina ba. Na gamu da mai tasi a kasuwa na tambaye shi, ya ce in ya bi ta layin yakan hango Baba a taga.

Wata ya zo ƙarshe. Mijina ya turo kuɗin haya kamar yadda ya saba. Na ɗauki waya zan tura, na kalli robar mai gida, na kalli kujerar can a inuwa ba kowa a kai. Na ajiye wayar na ci gaba da ɗinki. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake yi, don ni bashi ko na allura ne hana ni sukuni yake. Na daure. Wata ya mutu, sabo ya kama har ya fara nisa.

Sai ga kiran Nas. Ta gaishe ni, ta tambayi yara, ta ce ba ta ga saƙo ba, ko sabis ne. Na ce ba sabis ba ne, kasuwa ce ta yi sanyi, mutane sun koma sayen kayan kanti. Ɗinkin mutane yana gabana tuli guda, na ɗauke ƙafa daga kan keke kada ta ji ƙararsa. Ta ce to sai yaushe. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ni ban iya zancen bashi a waya ba, na fi so in ga fuskar mai gida.

Na duba wayar ko kiran ya yanke, ashe yana nan. Na tuna 'yan dako da kwaɗo, kuma ni ƙofata tana nan, akwai inda za a maƙala shi. Na fara tunanin abin da zan faɗa wa mijina in ya dawo ya tarar da keke a titi.

"Anti Tela," ta ce, muryarta ta canza. "Tun ranar nan Baba ko rabin abincinsa ba ya ci." Ta ja numfashi. "Ke kina da taurin kai sosai?"

Na ce ai ko a gidanmu an san ni da shi.

"To. Shayin ba sukari. Kuma kada ya ɗaga komai mai nauyi."

Washegari da hantsi tasi ta tsaya. Tun daga titi na ji sanda, na ji kotu, na ji 'yan sanda, na ji masu roƙon ɗaki har da kuka. Muryar ta ɗan dushe, amma tana nan. Mai Agogo ya fito da sauri da gilashi a ido, ya ga ba wurinsa aka nufa ba, ya koma ya ɗauko karta. Baba ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar shanya ya zo ya tsaya a bakin ƙofata. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ɗaure fuska iya ƙarfinsa, amma idanunsa sun cika da ruwa.

"Ke ma, Tela?"

"Ni ma, Baba. A yi haƙuri."

Ya ce babu zancen haƙuri, shi ya san maganin irinmu. Na ce kafin ya kore ni ai ya kamata ya shigo ya ga ɗakin da zai karɓa. Na kawar da roba, na ajiye masa kujera daidai inda take, don tun safe hadari ya haɗo. Bai gama lissafa mini abin da kotu za ta yi da ni ba ɗigo na farko ya sauka a tsakiyar kansa. Ya ɗaga ido ya dubi rufin, ya ce wannan wane irin sakaci ne, a kira masa kafinta yanzu-yanzu.

Da kafintan ya zo, Baba ya ce ya fara da sama, akwai wani aikin yana jiransa a ƙasa. Sannan ya tashi ya shiga auna ƙofata da sandarsa, tsawo da faɗi, ya yafito Mai Agogo ya zo ya gani.

"Ta fi taka faɗi," ya ce. "Wannan mutum uku za ta ɗauka. Tela, kin iya karta?"